Mai Keke Da Mai Ƙafa A Kan Turba Ɗaya: Wa Zai Kama Birki?

Yau za mu leƙa ƙasar Birtaniya ne, mu duba wata irin hanya wadda mota ba ta bin ta, babur ma an hana shi shiga, amma duk da haka ba a raba ta da cece-kuce. Hanyoyi ne da ake shimfiɗawa domin masu keke da masu tafiya a ƙasa su yi tarayya a kansu, a wasu wuraren har da mahayan dawaki. Mai jin wannan zai ce ai magana ta ƙare, tunda an kori mota an kori haɗari. Sai dai mutanen da ke bin hanyoyin kullum sun san ba haka abin yake ba. Tsoho yana kukan an wuce shi kamar iska har hularsa ta kusa faɗuwa, mai keke yana kukan an tare masa hanya da igiyar kare, mai doki kuma yana kukan an firgita masa dabba. Abin da nake so in tsaya a kansa yau guda ɗaya ne: idan mutane masu gudu daban-daban suka haɗu a turba ɗaya, nauyin kiyayewa yana kan wanda ya fi gudu, kuma hanyar sauke wannan nauyi ita ce rage gudu. Ƙararrawa da sallama da fitila duk suna da amfani, amma bayan birki suke zuwa.

Bari mu ɗauki hanya guda mu dube ta da kyau. Tsakanin birnin Bristol da birnin Bath, a kudu maso yammacin Ingila, akwai wani tsohon layin dogo da jiragen ƙasa suka daina bi. A shekarar 1977 wasu mazauna Bristol suka kafa ƙungiyar masu keke, cikinsu akwai wani injiniya mai suna John Grimshaw, kuma ita ce ƙungiyar da daga baya aka sani da suna Sustrans. Daga 1979 zuwa 1986 suka bi wannan layi, da yawansu 'yan sa-kai ne, suka mayar da shi hanyar keke da ƙafa mai tsawon mil 13, wato kusan kilomita 21. Jirgin ƙasa ba ya son hawa da gangara, ba ya son kwana mai kaifi, saboda haka hanyar da ya bari a shimfiɗe take, miƙaƙƙiya, ba mararraba da yawa. To a nan gizo yake saƙa. Wannan shimfiɗuwar ita ce ta sa hanyar ta dace da dattijuwa mai dogara sanda, da mai keken guragu, da uwa mai tura keken jariri, da yaro ɗan shekara biyar da ake koya wa tuƙi yana tangaɗi hagu da dama. Kuma ita ɗin ce dai ta sa hanyar ta dace da ƙaƙƙarfan matashi mai sauri zuwa wurin aiki, wanda ya samu wurin da ba danja, ba mota, ba abin da zai sa ya ɗaga ƙafa daga feda. Abin da ya jawo mai rauni shi ne ya jawo mai ƙarfi, a kan kwalta wadda faɗinta a wurare da yawa bai wuce mita uku ba.

Mu yi ɗan lissafi, domin lissafin shi ne ƙashin bayan maganar. Mutum mai tafiyarsa ta yau da kullum yana cin kamar kilomita 5 a awa. Mai keke da bai ma matsa wa kansa ba yana cin kilomita 20 a awa, wato ninki huɗu na gudun mai ƙafa. Ku kwatanta da titin cikin gari a Birtaniya, inda mota ke tafiyar mil 30 a awa, kusan kilomita 48: ba ta kai ninki uku na gudun wannan mai keke ba. Ashe ratar da ke tsakanin keke da ƙafa, idan aka auna ta da ninki, ta fi ratar da ke tsakanin mota da keke. A gudun kilomita 20, keke yana share fiye da mita biyar a cikin daƙiƙa ɗaya, kuma kafin ido ya gani, ƙwaƙwalwa ta yanke shawara, yatsu su matse birki, daƙiƙar nan ta wuce, sau da yawa ma fiye da ita. Bayan haka sai tazarar da taya zai ja kafin ya tsaya, ita kuwa ba ta ƙaruwa daidai da gudu: in ka ninka gudu sau biyu, ƙarfin karo da tazarar birki sukan ninku sau huɗu. Saboda haka mai keken da ya sauko daga kilomita 20 zuwa 10 kafin ya wuce wani, kashi uku cikin huɗu na ƙarfin da zai buge shi da shi ya zubar. Shi kuwa mai tafiya a ƙasa ba shi da wani abin da zai zubar. Gudunsa ya riga ya yi ƙasa, ba shi da ido a ƙeya, keke kuma ba ya ƙara. Mutum ɗaya ne a cikin biyun yake ganin abin da ke shirin faruwa, kuma shi ne mai birki a hannu.

Dokar Birtaniya ta daɗe da gane wannan. Tun a 1968, lokacin da majalisa ta ba masu keke izinin bin turbobin dawaki na karkara, sai ta haɗa izinin da sharaɗi: su ba mai ƙafa da mai doki hanya. Sannan a ranar 29 ga Janairu, 2022, aka sabunta kundin ƙa'idojin hanya na ƙasar, aka kafa shi a kan tsari mai hawa-hawa, inda wanda ya fi iya yin ɓarna shi ya fi ɗaukar alhakin kauce mata. Direban babbar mota yana ɗauke da alhakin ƙaramar mota, mai mota yana ɗauke da alhakin mai keke, mai keke da mai doki kuma suna ɗauke da alhakin mai tafiya a ƙasa, musamman yara da tsofaffi da naƙasassu. Masu keke sun yi murna da sashen da ya umarci direba ya bar musu aƙalla mita ɗaya da rabi in zai wuce su, kuma sun cancanci wannan kariya. Amma tsarin da ya ba su wannan shi ne ya ɗora musu nauyin wanda ke ƙasa da su. Kundin ya ce a hanyar tarayya mai keke ya ba mai ƙafa hanya, kada ya wuce shi da gudu ko daf da jikinsa, musamman ta baya, ya sassauta, ya sanar da zuwansa, kuma ya tuna cewa mutumin da ke gabansa yana iya zama kurma ko makaho ko mai raunin gani ba tare da alamar hakan ta bayyana ba. Ban ga yadda mutum zai karɓi rabin wannan tsari ya yar da rabi ba. Wanda yake neman mita ɗaya da rabi daga direba, ya san ɗacin iskar mota a kafaɗarsa, bai kamata ya zama shi ne zai goga wa tsohuwa hannun kekensa a gwiwar hannu ba.

Yanzu mu zo kan ƙararrawa, domin a kanta ake yawan samun saɓani. Dokar ƙasar ta wajabta a sayar da sabon keke da ƙararrawa a jikinsa, kundin ƙa'idojin kuma ya ba da shawarar a buga ta ko a yi magana cikin ladabi. Amma akwai masu tafiya a ƙasa da ke jin haushin ƙararrawa, suna ɗaukarta a matsayin tsawa, akwai kuma waɗanda ke jin haushin rashinta. Masu keke sukan ce to yaya za mu yi, mun buga an zage mu, mun yi shiru an zage mu. A ganina ƙararrawar ba ta da laifi, lokacin buga ta ne ke da magana. Ku sa ido ku ga abin da mutum yake yi in aka buga masa ƙararrawa daga tazarar mita biyu: kafaɗunsa za su ɗaga, zai waiwaya, kuma jiki yakan bi inda kai ya juya, sai ya taka ƙafa zuwa ɓangaren da ya waiwaya, wanda sau da yawa shi ne ɓangaren da keken ke shirin bi. In mutum biyu ne suna hira, ɗaya zai yi hagu ɗaya zai yi dama, sannan ɗayan ya canza shawara ya tsallaka wurin ɗan'uwansa. In kuwa an buga ta daga nesa, tun da sauran mita ashirin ko talatin, gudu kuma ya riga ya sauka, mutum yana da sararin ya ji, ya gane daga ina sautin yake, ya kama hannun ɗansa, ya matsa a natse. Ta farko umarni ce a kauce, ta biyu sanarwa ce. Kuma ko wadda aka buga a kan lokaci ba ta ba mai keke izinin wucewa ba har sai ya ga alamar an ji shi. In ba a ji ba, sai ya ɗauka kurma ne a gabansa, ya bi shi a hankali har wuri ya samu.

Doki kuma nasa lamarin daban ne, kuma masu sauraronmu da suka san dawaki ba sa bukatar dogon bayani. Dabba ce da aka halitta da shirin gudu daga abin da ke farautarta. Idanunta suna gefen kai, tana gani kusan ko'ina amma ban da abin da ke bayanta daidai, kuma abin da ya fi tayar mata da hankali shi ne abu mai sauri, marar sauti, da ya ɓullo daga baya. Siffar keke ke nan. Doki mai nauyin rabin tan in ya zabura ko ya yi tutsu, mahayinsa da mai keken da duk wanda ke kusa suna cikin haɗari. Shi ya sa a 2018 ƙungiyar masu dawaki ta Birtaniya da ƙungiyar Cycling UK suka haɗa kai suka yi yekuwa cewa mai keke ya yi magana tun daga nesa, ya gaisa da mahayi, domin muryar ɗan'adam tana sanar da dokin cewa abin da ke tafe mutum ne. Kundin ƙa'idojin ya hana wuce doki ta hagunsa, a ƙasar da ake tuƙi ta hannun hagu, ya kuma umarci direbobi su sauko ƙasa da mil 10 a awa su bar tazarar mita biyu. A nan murya ta fi ƙararrawa, domin ƙarar ƙarfe kwatsam tana iya zama abin da zai firgita dabbar.

Na san akwai mai keke da ke saurare yana cewa: malam, ka ɗora mana komai, su masu ƙafar fa? Ga mai tafiya da iyafis a kunnuwa biyu, idonsa a kan waya, yana yawo daga wannan gefe zuwa wancan. Ga mutum huɗu sun jeru kafaɗa da kafaɗa sun cinye hanyar. Ga mai kare a gefe ɗaya, karensa a ɗaya gefen, siririyar igiya mai miƙewa ta ratsa tsakani ba a ko ganinta sai an zo kanta. Wannan ƙorafi gaskiya ne, kuma kundin bai ƙyale su ba: ya ce mai ƙafa kada ya tare hanya ko ya jefa wasu cikin haɗari, ya kuma ce a riƙe kare da gajeriyar igiya a hanyar da ake tarayya da masu keke ko dawaki. Wanda ya toshe kunnuwansa a hanyar jama'a ya rage wa kansa kariya, ya kuma wahalar da wasu, kuma ya kamata a gaya masa. Sai dai laifin mai ƙafa da laifin mai keke ba nauyinsu ɗaya ba. Sakacin mai ƙafa yakan jawo jinkiri da ɓacin rai, sakacin mai gudu yakan jawo karaya. Kuma daga baya, a kan sirdi, ba ka iya bambance wanda ya toshe kunne da waƙa da wanda aka haifa ba ya ji. Ba ka iya bambance mai gangancin yawo a hanya da mai ciwon da ke sa shi tangaɗi. Yaro ɗan shekara uku kuwa ba ya cikin lissafin masu laifi sam, domin juyawa kwatsam ita ce tafiyarsa. Tunda ba za ka iya tantancewa ba, dole ka yi gudun da zai ishe ka tsayawa ko da wanda ke gabanka ya yi abin da ba ka zata ba. Mai ɗauke da tukunyar ruwan zafi a cikin taron biki shi ne ke tafiya a hankali yana cewa gafara dai, ko da kuwa 'yan bikin ne suka tsaya a bakin ƙofa.

Akwai ƙorafi na biyu wanda ya fi wannan ƙarfi. Masu keke suna cewa ana kambama abin ne. A Birtaniya masu tafiya a ƙasa wajen 400 ne ke mutuwa a hanya a shekara, kuma kusan dukkansu motoci ne ke kashe su, waɗanda keke ke kashewa 'yan ƙalilan ne. Su kansu masu keke kusan ɗari ne ke rasa rayukansu a shekara, yawanci a karo da mota. Mutumin da ya gudo daga titi don tsira da ransa, in ji su, bai kamata a mayar da shi dodo a wurin da ya fake ba. Na yarda da alƙaluman, kuma duk wanda ke son ceton rayuka a hanya, wajen mota ya kamata ya fi mayar da hankali. Amma ƙidayar gawa ba ta auna duk abin da ake asara. Tsohuwa 'yar shekara tamanin ba ta bukatar a kashe ta kafin rayuwarta ta canza. Faɗuwa ɗaya ta karya ƙugu ta isa ta raba ta da tafiya da ƙafarta har abada. Ba ta ma bukatar a buge ta. In aka wuce ta da gudu sau biyu sau uku, gabanta ya faɗi, sai ta daina fitowa, kuma babu rajistar 'yan sanda da za ta rubuta cewa wata ta daina zuwa. Ƙungiyoyin makafi na ƙasar, irin su RNIB da Guide Dogs, sun daɗe suna kokawa da wuraren tarayya saboda wannan dalili: makaho yana tafiya da kunne ne, yana jin mota, amma ba ya jin keke. Hanyar da aka gina domin kowa, in masu rauni suka janye daga kanta ɗaya bayan ɗaya, ta zama titin masu ƙarfi ba tare da an zub da jinin kowa ba. Abin da mota ta yi wa keke a babban titi ke nan, ta kore shi da tsoro tun kafin ta kore shi da karo.

Kada kuma a ɗauka karon keke ba ya kisa. A 2016, a wani titi na birnin Landan, wani matashi a kan keken tsere marar birkin gaba ya buge wata mata tana tsallaka titi, ta rasu. A 2017 kotu ta yanke masa hukuncin tsarewa na wata 18, kuma da wata doka ta 1861 aka hukunta shi, wadda aka yi tun zamanin keken doki. Dokar ƙasar ta bukaci keke ya kasance da birki biyu masu aiki, na gaba da na baya, kuma na gaban shi ne ke ɗaukar mafi yawan aikin tsayarwa. Duk maganar da muke yi ta rage gudu ba ta da amfani ga wanda robar birkinsa ta cinye ko wayarsa ta saki.

Ƙorafi na uku na mai zuwa aiki ne. Yana cewa keke ba abin wasa ba ne a wurinsa, abin hawansa ne, in zai riƙa saukowa zuwa gudun ƙafa kowane mita ɗari, gara ya koma mota, kuma gari ne zai yi asara da hayaƙi da cunkoso. Wannan ma magana ce mai nauyi. Amma mu auna abin da ake asarar. Sassautawa ka wuce mutum sannan ka koma gudunka ba ta cin fiye da 'yan daƙiƙoƙi. Ko sau ashirin ka yi haka a tafiya ɗaya, abin da ka rasa 'yan mintoci ne, ƙasa da abin da danja biyu ko uku za su ci maka a babban titi. In kuwa hanyar ta cika har ba a iya wucewa sai da kutse, to wannan alama ce cewa a wannan sa'ar ba wurin gudu ba ce. Hukumar Canal & River Trust, wadda tun 2012 take kula da hanyoyin ruwa masu tsawon kusan mil 2,000 a Ingila da Wales, ta faɗi wannan ƙarara game da turbobin da ke bin gefen ruwan: mai ƙafa ne ke da fifiko, mai gaggawa kuma ya nemi wata hanya. Yawancin waɗannan turbobi an yi su ne fiye da shekara ɗari biyu da suka wuce domin dawakin da ke jan jiragen dakon kaya, a gudun doki mai jan nauyi. Ruwa ne a gefe ɗaya, bango ko shinge a ɗaya gefen, ga masu kamun kifi da dogayen sandunansu, ga igiyoyin da aka ɗaure jirage da su. Inda turbar ta kutsa ƙarƙashin gada sai ta tsuke ta lanƙwasa, rufin ya yi ƙasa, ba ka ganin mai tahowa sai kun yi kiciɓis. Wanda ya shiga irin wannan wuri da gudu, yana caca ne da lafiyar mutumin da bai gani ba tukuna.

Sai ƙorafin da na fi ba wa gaskiya, na masu cewa ladabi ba ya faɗaɗa hanya. Suna cewa hukumomi sun sami hanyar arha ce: a maimakon su gina wa keke hanyarsa, su gina wa ƙafa tata, sai su kafa allo mai hoton keke da mutum a kan siririyar kwalta, su bar jama'a su yi ta faɗa da juna, sannan su fito suna wa'azin haƙuri. Gwamnatin ƙasar da kanta ta amsa wannan laifi. A cikin jagorar gina hanyoyin keke da ma'aikatar sufuri ta fitar a watan Yulin 2020, an ce a ɗauki keke a matsayin abin hawa, a raba shi da masu ƙafa a titunan birni, kuma hanyar tarayya ta zama zaɓi na ƙarshe a wuraren da jama'a ke da yawa. Inda za a yi ta, jagorar ta sa mafi ƙarancin faɗi mita uku, in kuma masu keke sun haura 300 a awa, mita huɗu da rabi. Ƙasar Holan ta nuna cewa rabawar tana aiki. Saboda haka masu wannan ƙorafi su ci gaba da matsa wa hukuma, ina tare da su. Amma ba za a iya faɗaɗa ƙarƙashin gadar da aka gina tun zamanin jiragen doki ba, ba za a raba kowace turbar daji gida biyu ba, kuma ko inda za a iya, aikin zai ɗauki shekaru. Dattijon da zai fita gobe da safe ba zai jira kasafin kuɗi ba. Akwai ma wata riba ta siyasa da masu keke ya kamata su lura da ita. A 2008 an kawo shawarar a bi da motocin bas ta wani sashe na hanyar Bristol zuwa Bath, jama'a suka tashi tsaye, masu keke da masu ƙafa tare, har aka janye shawarar. Hanyar da masu ƙafa suka tsana saboda an kore su daga kanta ba za ta sami irin waɗannan masu kare ta ba ranar da aka sake zuwa neman ta.

Keken lantarki ya ƙara wa maganar nauyi. A dokar Birtaniya, keken da injinsa bai wuce wat 250 ba, wanda kuma injin ke daina taimakawa in an kai mil 15.5 a awa, wato kilomita 25, ana ɗaukarsa keke ne, ɗan shekara 14 zuwa sama yana iya hawansa a duk inda keke ke bi. Alheri ne babba ga tsofaffi da masu ciwon gwiwa. Sai dai ya fi keken gargajiya nauyi, kuma yana ba wanda bai ƙware ba gudun da a da sai ƙwararre ke kaiwa. Amma a wani ɓangaren ya kashe uzurin da aka saba bayarwa, domin mai keken lantarki ba zai ce yana jin ƙyashin kama birki saboda wahalar sake tayar da gudu ba, batir ne zai yi masa aikin. Wanda kuwa aka cire masa takunkumin gudu, ko aka ɗora masa injin da ya wuce ƙa'ida, a idon doka babur ne, ba shi da hurumin shiga waɗannan hanyoyi ko kaɗan.

Mu a nan ba mu da irin waɗannan hanyoyi masu allo da fenti da yawa, amma tarayyar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Turbar gona da damina, lungun cikin tsohon gari, hanyar shiga kasuwar ƙauye ranar ci: keke da jaki da amalanke da mai tallan fura da almajiri da makaho da ɗan jagoransa duk a wuri ɗaya, ga kuma babur da ya fi su duka gudu. Kuma ƙa'idar da Birtaniya ta rubuta a 2022 tana da 'yar'uwa a cikin tarbiyyarmu, domin ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya karantar da cewa wanda ke kan abin hawa shi ne zai fara yi wa mai tafiya a ƙasa sallama. Wanda ke sama shi aka ɗora wa fara sanar da aminci. Kuma sallamar da za a ji har a amsa ba ta yiwuwa a bakin wanda ya wuce kamar walƙiya.

Saura abu biyu da suka shafi dare da kuma bayan karo. Doka a Birtaniya ta wajabta farar fitila a gaba da ja a baya daga faɗuwar rana zuwa fitowarta. Fitilun zamani suna da haske ƙwarai, kuma a siririyar hanya marar fitilun titi, wanda aka haske wa ido yakan makance na 'yan daƙiƙoƙi, ya tsaya cak ko ya taka inda bai gani ba, a gefen ruwa kuwa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Gyaran mai sauƙi ne: a karkata fitilar ta kalli ƙasa 'yan mitoci a gaban taya, a rage ƙarfinta in an hango mutum, a kashe mai ƙyaftawa a wurin da ba mota. In kuma ƙaddara ta faɗa aka buge wani, a tsaya. Keke ba shi da lamba, kuma wannan ne ke sa wasu su miƙe su kaɗe jiki su wuce. Tsohon da ya faɗi yana iya cewa ba komai saboda kunya ko ruɗewa, alhali ƙashi ya tsage ko kai ya bugu, kuma alamar bugun kai takan jinkirta sa'o'i kafin ta bayyana. A zauna da shi, kada a yi gaggawar ɗaga shi in yana kukan wuya ko ƙugu, a kira motar asibiti, a Birtaniya lambar ita ce 999, a kuma bar masa suna da lambar waya kafin a tafi.